A bar mana tagar sayar da tikiti, a daina ciniki a bakin ƙofa

Ɗan yayata tela ne. Wanda ya san telolin Kano ya san yadda goman ƙarshe na azumi ke wuce musu: a kan keke ake shan ruwa, a kan keke ake sahur, idan an ɗauke wuta a tayar da inji, masu kaya kuma suna tsaye a ka kowa na cewa nasa za a fara. Daga abin da ya samu a ɗinkin ƙaramar Sallar da ta wuce ya ware kuɗin tikiti biyu, nasa da na abokinsa, don su je kallon wani mawaƙi da yake so tun yana sakandare. A Instagram ya ga tallar wasan. Ƙasan hoton mawaƙin an sa lambar asusu da lambar waya, an ce ka tura kuɗi sannan ka turo shaidar biya ta WhatsApp. Ya tura, ya ɗauki hoton rasit ya aika. Aka amsa masa da "an gani", shi ke nan.

Ranar wasan sun isa wurin bayan la'asar. A bakin ƙofa akwai mutum biyu. Ɗaya yana riƙe da takardu uku ko huɗu da aka rubuta sunaye da biro, ɗayan ya rataya jaka a wuya yana karɓar kuɗi hannu. Layin mai jaka tafiya yake yi, ka miƙa ka shige. Layin mai takarda kuwa ko motsi ba ya yi, domin kowane suna sai an bi shafi-shafi ana nema, da magariba ta yi kuma aka koma haskawa da fitilar waya. Da aka zo kan ɗan yayata aka ce babu sunansa. Ya nuna rasit. Aka ce ya koma gefe a kira mai asusun. Mai asusun yana ciki, kiɗa ya hana shi jin waya. Kafin isha'i ɗaki ya cika, aka ja ƙofa, aka bar su a waje su da wasu da yawa, kowa da waya a hannu yana nuna wa na kusa da shi shaidar biyansa.

Gidana ya biyo a daren, sanye da sabuwar shaddar da ya ɗinka wa kansa daren Sallah bayan ya sallami kowa. Na ce ya zauna ya ci abinci, ya ce ya ƙoshi. Can ya ce, "Kawu, wallahi ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba. A gaban mutane mutumin ya ce min irinmu da yawa sun zo da alat na bogi. Ni da na kwana goma ban runtsa ba, ni ne ɓarawo."

Tun daren nake juya maganar nan a raina. Na kuma saurari samari suna gardama a kanta a majalisa, wasu na cewa a mayar da komai intanet kamar yadda ake yi a Turai a huta, wasu na cewa a bar mu da layinmu, ka ba da kuɗi a ba ka takarda, gani ya kori ji. Ni ga inda na tsaya. A Kanon yau, mai shirya wasan da ya rufe taga ya ce sai ta intanet ya kori ɗimbin masu son shiga ba tare da laifinsu ba. Wanda kuma ya bar sayar da tikiti sai ranar wasa a bakin ƙofa, da rayukan 'ya'yan mutane yake wasa. Taga nake so a bar mana, amma a cikin unguwanni, kwanaki kafin wasa. Bakin ƙofa wurin duba tikiti ne, kada a ƙara karɓar ko sisi a wurin.

Na san akwai wanda zai ce me ya kai magidanci rubutu a kan gidan waƙa. Ba gidan waƙa kaɗai ba ne. Da irin wannan ƙofar muke shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Pillars ke da babban wasa, da ita ake shiga gidan dambe a Sabon Gari, da ita yara ke shiga gidan zoo a bikin Sallah. Ko kana sauraron waƙa ko ka toshe kunnenka daga gare ta, akwai ɗanka ko ƙanenka ko ɗan maƙwabcinka a cikin wannan cunkoson.

Sai mu fara da kiran abu da sunansa. Yawancin abin da muke ce wa sayen tikiti ta intanet a garin nan ba shi ba ne. Tiransifa ce kawai zuwa asusun wani bawan Allah, sai alkawarin baki ya biyo baya. Tikitin intanet na gaske, da ka biya na'ura ce za ta rubuta ka, ta ba ka lambar da ba wanda yake da irinta, galibi cikin ɗan zanen nan mai kama da saƙar tabarma da ake haskawa da waya, ta rage kujera ɗaya daga lissafi, idan kujeru sun ƙare kuma ta daina karɓar kuɗin kowa. Namu fa? Ba lamba, ba lissafi, ba inda ake tsayawa. Mutum ɗaya ne da waya ɗaya yake karɓar ɗaruruwan hotunan rasit yana kwafe sunaye da biro, yana kuma faman neman masu kiɗa da masu kujeru da man janareta. Ko da zuciyarsa fara ce tas, dole suna ya sulluɓe masa. Idan kuma ba fara ba ce, to ka yi cinikin biri a sama. Ga wata ƙofar ɓarna da ba ta buƙatar wata fasaha: kowane ɗan damfara zai iya ɗaukar hoton tallar, ya goge lambar asusun ya sa tasa, ya watsa a zaurukan WhatsApp. Kai ka biya, mai wasa bai ga kuɗi ba, ku haɗu a bakin ƙofa kowa na ganin ɗan'uwansa macuci.

Ba zan ɗora wa mai tsaron ƙofar nan laifin duka ba, duk da maganar da ya yaɓa wa yaron ta yi min ciwo. Alat na bogi gaskiya ne, duk mai shago a Kwari ko Farm Centre ya san shi. Akwai kuma kuɗin da ke fita daga asusunka su maƙale a hanya. Wa ya manta watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi? Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka ɓace, sababbin suka ƙi fitowa, aka tura kowa tiransifa ko ya shirya ko bai shirya ba. Mai shayi ya riƙe ka a benci yana jiran alat, kai kuma an riga an cire maka. A lokacin ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga aljihun mutane sosai, kuma gaskiya sun sauƙaƙa abubuwa da yawa. Amma darasin watan nan bai kamata ya wuce mu ba: hoton rasit ba kuɗi ba ne, ba kuma tikiti ba ne. Wanda ya gina ƙofarsa a kan hoton rasit ya shirya wa kansa faɗa da mutanen kirki.

To mu koma layi ke nan kamar da? A nan ma ina da abin faɗa, domin ni ɗan layi ne. Na tashi lokacin da sinimomi irin su Plaza da Orion da Eldorado ke tashe. A wadda muka fi zuwa, tagar sayar da tikiti wani ɗan rami ne a jikin bango, an gitta masa ƙarfe, hannu kaɗai ke shiga. Ba ka ganin fuskar mai sayarwa. Ka dunƙule kuɗinka ka cusa hannu cikin hannaye goma, ka buɗe tafin, ka ji an zare kuɗin an danna maka 'yar takarda, sannan ka fara kokawar zaro hannun. Ranar da aka kawo sabon fim ɗin Indiya kuwa, layi suna ne kawai. Ƙarti ke hawa kafaɗun mutane su isa tagar, 'yan sane na aikinsu a ƙasa, mu yara muna gefe riƙe da silifas ɗinmu don kada su tsinke. Kafin a yi haka a ce tikiti ya ƙare. Sai ka waiwaya ka ga 'yan cuwa-cuwa a gindin fitila da damin tikiti a hannu, suna sayarwa ninki biyu. Kashin dankali ne zalla, babba ya danne ƙarami. Duk wanda ya ce maka layin da adalci ne, ko dai bai taɓa shiga ba, ko kuma shi ne mai hawa kafaɗar.

Abu ɗaya dai na riƙe daga wancan zamani. Da 'yar takardar nan ta shiga hannunka, magana ta ƙare. Ba wanda zai kalle ka ya ce ƙarya kake yi.

Akwai kuma mutanen da layin ƙarfi bai taɓa yi wa rana ba, su ne mata. Yarinya mai kamun kai ba za ta cusa jikinta cikin ƙarti don tikiti ba, iyayenta ma ba za su bari ba. Gurgu da makaho da mai ƙaramin jiki duk haka. Ga waɗannan, a ce mutum yana ɗakinsa ya saya ta waya rahama ce babba, kuma ba zan raina ta ba. Haka wanda yake Bachirawa ko Rijiyar Zaki ko Mariri, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu zuwa cikin gari da dawowa ya zama abin lissafi, ba zai so ya yi sawu biyu, na saye da na kallo ba. Sannan kuɗin hannu a jaka ba su da shaida. A watan Yunin 2019 kuɗin ƙofar da aka tara a bikin Sallah a gidan zoo na Kano, kusan naira miliyan 7, suka yi ɓatan dabo, labarin cewa wai goggon biri ne ya haɗiye su ya zagaya duniya, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu goggon biri a gidan. Mutane sun yi dariya, ni abin da na gani shi ne kuɗin iyayen yara ne da aka tara naira-naira, aka ajiye su a inda ba su bar sawu ba.

Saboda haka ba gaba nake da intanet ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ita kaɗai ce magani, domin waɗanda suka riga mu nisa a kanta ma ga su can suna kuka. A ranar 15 ga Nuwamban 2022 kamfanin Ticketmaster na Amurka ya buɗe sayar da tikitin zagayen mawaƙiya Taylor Swift. Shafin ya durƙushe, mutane suka shafe sa'o'i suna kallon waya, duk da an sayar da tikiti fiye da miliyan 2 a ranar, aka soke sayarwar da aka shirya wa sauran jama'a. Kamfanin ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan manhajojin da ake ƙera su don su yi ta saye da kansu cikin ƙiftawar ido. Maganar ta kai har Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kanta a watan Janairun 2023, alhali tun 2016 suna da dokar da ta haramta amfani da irin waɗannan manhajoji. A Birtaniya kuma, ranar 31 ga Agustan 2024, masu neman tikitin ƙungiyar mawaƙa ta Oasis sun wuni a layin da ba sa gani, da aka zo kansu wasu suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 148 ya koma fam 355, wai farashi na tashi ne gwargwadon yawan masu nema. Hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta ƙasar sai da ta buɗe bincike.

Ka ga ɗan cuwa-cuwan gindin fitila bai mutu ba, riga ya canza. Na gindin fitila aƙalla kana ganinsa, ka san unguwarsu, wata rana za ku haɗu a jana'iza. Na cikin kwamfuta ba shi da fuska. Mu da muka zauna a zauren malamai mun ji hanin da Manzon Allah (SAW) ya yi na tare ayari a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa. Wanda ya kwashe tikiti ɗari a minti ɗaya don ya sayar wa masu so ninki uku, me ya bambanta shi da mai tare buhunan hatsi kafin su shiga kasuwar Dawanau? Da hannu ya yi ko da manhaja, tarewa ce.

A Amurka da Birtaniya kusan kowa na da babbar waya da katin banki. Mu fa? Ka leƙa shagon ɗinki ko garejin kanikawa ko wurin masu walda ka ƙirga yara nawa ne ke riƙe da ƙaramar waya mai madanni. Cikin masu babbar waya, nawa ne ke da asusu da sunansu, da BVN da NIN da suka dace da juna ba tare da an juya harafi ɗaya a suna ba? Data kanta ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Kuma shafukan sayar da tikiti da Turanci suke magana, yaron da ya iya karanta Hausa da ajami sarai sai ya tsaya a shafin farko. Mun riga mun ga abin da ke faruwa idan aka mayar da abu intanet a garin da ba kowa ke da ita ba. Dubi rajistar JAMB, dubi neman aikin gwamnati. Layin bai ɓace ba, ƙaura ya yi zuwa ƙofar mai kafe, wato shagon intanet, ka biya kuɗin abin, ka biya ladan mai cikewa, idan ya yi kuskure kai za ka kwana a ciki. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ma an mayar da tikitinsa intanet a farkon 2021 don a karya 'yan cuwa-cuwa, an samu sauƙi, amma fasinjoji ba su daina kukan cewa kujeru sun ƙare a manhaja alhali ana samunsu a hannun wasu a tasha ba. Idan aka ce tikitin wasan Sallah sai ta intanet, 'ya'yan masu hali za su saya daga kan gado, yaron kanikawa kuma ya biya ƙari a hannun mai shiga tsakani. Shi ne kuma ya fi kowa haddace waƙoƙin.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar min da hankali, wanda ya wuce maganar kuɗi. Ranar 15 ga Disamban 2022 mawaƙin Najeriya Asake yana wasa a wani ɗakin taro a unguwar Brixton da ke Landan, ɗakin da ke ɗaukar mutum kusan dubu biyar. Jama'a suka taru a waje, aka danno ƙofa, aka yi turmutsutsu. Mutum biyu suka rasu, ɗaya uwa ce mai 'ya'ya biyu, ɗayan cikin masu tsaro. Binciken da BBC ta yi daga baya ya kawo zargin cewa wasu masu tsaron wurin sun saba karɓar na goro su shigar da marasa tikiti. An rufe ɗakin fiye da shekara. Wannan a Landan ke nan, inda aka san adadin kujeru, akwai motar asibiti a kusa. Abin da ke tara mutane a bakin ƙofa shi ne sa rai. Muddin yaro ya san cewa idan ya je da kuɗi a aljihu akwai yiwuwar ya shiga, to zai je, shi da abokansa goma. Ɗakin mutum dubu sai ya tara dubu uku a waje, ƙofa ɗaya, galibi mai buɗewa ta ciki, ga duhu, ga 'yan daba masu jiran a rikice su ƙwaci waya. Daren da aka bar ɗan yayata a waje, ya ce min sai da aka fara jijjiga ƙyauren kafin wasu manya su ba da baki. Da ƙyauren ya faɗi fa?

Ina ganin tushen sakacinmu da lissafi yana da tarihi. Waƙa a ƙasar Hausa ba da tikiti ta tashi ba. A ƙofar fada ake yi, a gidan biki, a dandali, kowa ya zo ya kalla, mai hali ya yi liƙi ko kari, da haka makaɗi ke ci. Su Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge da yabo da kyautar masu kyauta suka yi suna. A fili babu cika, wanda ya makara ya tsaya a baya ko ya hau katanga. Sai muka ɗauki wannan tunanin muka shiga da shi ɗaki mai bango huɗu. Har yau mai shirya wasa ya fi sa ido a kan teburan gaba, inda manya za su zauna su yi liƙi, sauran jama'a kuwa a yi ta turawa har sai numfashi ya gagara. Kuma a cikin addininmu an hana mutum sayar da abin da ba shi da shi. Mai ɗakin da ke ɗaukar mutum dubu, idan ya karɓi kuɗin mutum na dubu da ɗaya, me ya sayar masa?

Abin da nake kira a yi ba sabon gini yake buƙata ba, kayan aikin suna nan a kowane lungu. Babu unguwar da ba ta da mai POS a ƙarƙashin lema ko cikin ɗan kes. Mutanen unguwa sun san shi, yana da na'ura mai fitar da takarda, yana kuma da abin da zai rasa idan ya ci amana. Mai shirya wasa ya zaɓi irin waɗannan a Kurna da Dorayi da Sheka da Hotoro da Gwammaja da Fagge, ya bayyana sunayen shagunan a jikin tallar da kuma rediyo, ya sa har da shagunan da mata ke riƙe da su don 'yan'uwansu mata su saya cikin natsuwa. Ka je da kuɗinka hannu ko ka yi tiransifa a gabansa, ya shigar da kai cikin rajista ɗaya da masu saye ta waya suke shiga, ya ba ka takarda mai lamba. Rajistar ɗaya ce, ƙofofin shigarta ne biyu. A ware wa taga kasonta, kada masu saurin intanet su kwashe duka a daren farko. A kuma iyakance abin da mutum ɗaya zai saya, huɗu ko biyar sun isa, ta waya ne ko ta taga. Kwana ɗaya kafin wasa a rufe, a sanar a ko'ina cewa an rufe, wanda ba shi da tikiti ya yi zamansa a gida. Ranar wasa mai tsaron ƙofa ba shi da jaka, abin haska lamba kawai yake riƙe da shi, tare da kwafin rajistar a takarda saboda ranar da sabis zai ɗauke, domin ya saba ɗaukewa a duk inda aka taru da yawa. Ladan mai POS kuma a rubuta shi a jikin tallar, kowa ya san abin da zai biya tun daga gida.

Na taɓa faɗa wa wani mai harkar shirya wasanni wannan, ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, ba ka san mutanenmu ba. Bakano ba ya sayen tikiti sai ya ga motar mawaƙi ta tsaya." Gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sau nawa aka buga hoton mawaƙa biyar a talla biyu suka zo? Sau nawa aka ɗage wasa, ko hukuma ta hana a ranar, kuɗin mutane suka bi ruwa? Wanda aka taɓa yi wa haka dole ya riƙe kuɗinsa sai ya gani da ido. Bakanon nan da ake cewa ba ya biya kafin ya gani, shi ne yake zuba adashi shekara guda, shi ne yake ba tela kuɗin ɗinki tun farkon azumi, shi ne yake tura miliyoyi Legas a loda masa kaya bai gan su ba. Yana biya a inda ya san idan abu ya lalace akwai wanda zai kama. A rubuta a jikin tikiti cewa idan an fasa wasa, ko babban mawaƙin bai zo ba, ka koma inda ka saya cikin mako guda ka karɓi kuɗinka, a kuma cika wannan alkawari sau biyu sau uku a jere, a ga ko ba za a saya tun da wuri ba. Wasan farko da aka hana cinikin ƙofa wataƙila a ga kujeru babu kowa, mai wasa ya yi asara. Na yarda da wannan, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ci bashi ya kama ɗaki.

Shi ya sa bai kamata a bar wa mutum ɗaya ya fara shi kaɗai ba. Muna da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, ita ke sa ido kan mawaƙa da 'yan fim, muna da Hisba, muna da hukumar kashe gobara da hukumar kare haƙƙin masu saye. Ana tambayar mai wasa irin waƙar da za a yi, da shigar da za a yi, da lokacin tashi, kuma ban ce kada a tambaya ba. Ina roƙon a ƙara tambaya uku a kan takardar izini: mutum nawa ɗakin yake ɗauka, ƙofofin fita nawa ne, tikiti nawa aka buga. A turo jami'i ya tsaya ya ga lambar ƙarshe ta shiga an rufe. Kare tarbiyyar yaro da kare haƙarƙarinsa daga karyewa a jikin ƙyaure duk aikin hukuma ɗaya ne. Manyan mawaƙanmu ma suna da ta cewa. Wanda sunansa ke cika ɗaki yana iya gindaya sharaɗi cewa ba zai hau dandamali ba idan ana karɓar kuɗi a ƙofa, kuma ba mai shirya wasan da zai ƙi.

Ɗan yayata ya samu kuɗinsa bayan mako uku. Wani abokin cinikinsa ne ya san inda mai shirya wasan yake zama, ya raka shi. Mutumin ya karɓe su da mutunci, ya buɗe wayarsa ya yi ta ja har ya kai ranar ashirin da bakwai ga azumi, ga sunan yaron nan da kuɗinsa sun shiga lafiya lau. Ya dafa kai ya ce wallahi mantuwa ce wajen kwafewa, ya ƙirgo kuɗin ya ba shi, ya ce ya yi haƙuri. Na tambaye shi ko mutumin ya ce wani abu game da sauran da aka bari a waje. Ya ce ya tambaya, mutumin ya ce shi ne na huɗu da ya zo.